Tallafi ga masu sauya jinsi: su wa ke bayarwa, me ke sa su bayarwa, ina kuɗin ke zuwa?

A ranar 16 ga Afrilun 2025 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci cewa kalmar "mace" a cikin dokar daidaito ta 2010 tana nufin wadda aka haifa mace. Ƙungiyar da ta kai ƙarar, For Women Scotland, da gudunmawar jama'a ta biya lauyoyinta, har da fam 70,000 da marubuciya J.K. Rowling ta bayar. Ba a yi nisa ba sai ɗaya ɓangaren ma ya shimfiɗa tasa tabarmar: ƙungiyar Good Law Project ta nemi kuɗi daga jama'a domin ta ƙalubalanci yadda za a aiwatar da hukuncin a kan masu sauya jinsi. Bayan wata biyu, a ranar 18 ga Yuni, Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da dokar jihar Tennessee da ta hana ba yara magungunan sauya jinsi, alƙalai 6 suka amince, 3 suka ƙi. Nan ma lauyoyin da suka tsaya wa iyalan da suka kai ƙarar daga ACLU da Lambda Legal suka fito, ƙungiyoyi biyu na kare haƙƙi da ke rayuwa da abin da mutane suka ba su.

Duk inda aka ji wannan taƙaddama a kotu ko a majalisa, akwai wanda ya zura hannu aljihu kafin a kai nan. Wasu na cewa attajirai ƴan ƙalilan ne ke juya akalar lamarin da dukiyarsu. Wasu na cewa kuɗin bai taka kara ya karya ba. Kafin a iya auna maganganun biyu sai an san abin da ake kira tallafin, da yawansa, da dalilan masu bayar da shi.

## Kalmomin da ke rikita mutane

Mai sauya jinsi shi ne wanda jinsin da yake ɗaukar kansa ya saɓa da wanda aka rubuta masa ranar haihuwa. Sunan kan sa a zaci kowa a cikinsu ya yi tiyata, alhali da yawa ba su yi ba: wani suna da sutura kawai ya canja, wani yana shan sinadarin homon, wani ya kai ga tiyata. Akwai kuma waɗanda ba sa ɗaukar kansu maza ko mata, kuma ƙididdiga kan haɗa su a rukuni ɗaya da masu sauya jinsi.

Mata-maza daban ne. Wannan halitta ce ta jiki da ake haihuwar mutum da ita, wadda malaman fiƙihu suka daɗe da yi wa babi. Haka nan batun luwaɗi da maɗigo daban ne, domin shi a kan wanda mutum ke sha'awa yake. Abin da ya haɗa su shi ne laimar ƙungiyoyin da ake kira LGBT, kuma wannan laima tana ɓoye wani abu: kuɗin da aka ce an ba LGBT, kaso kaɗan ne daga ciki ke tafiya ga masu sauya jinsi kai tsaye.

Ita ma kalmar "tallafi" tana ɗauke da abubuwa da ba su yi kama da juna ba. Dala 20 da aka tura wa wanda mai gida ya kora domin ya biya kuɗin haya tallafi ce. Albashin mai amsa waya da tsakar dare ga wanda ke tunanin kashe kansa tallafi ne. Kuɗin lauyan da zai kai gwamnatin jiha kotu, da kujerar farfesa a jami'a, da kuɗin tiyata, duka sunansu ɗaya a bakin mutane. Mai bayar da na farko yana iya ƙin na ƙarshe, kuma galibin ruɗanin daga nan yake tasowa.

## Nawa ne kuɗin?

Amurka ce ta fi kowa adana alƙaluman kyauta. Rahoton Giving USA ya ce a 2023 an bayar da kimanin dala biliyan 557 ga ayyukan alheri a ƙasar, kusan kashi biyu cikin uku daga ɗaiɗaikun mutane, kuma wuraren ibada ne suka fi kowa samu. Makarantar nazarin kyauta ta Lilly da ke Jami'ar Indiana ta duba rabon ƙungiyoyin LGBT gaba ɗaya, ta tarar bai kai dala 1 cikin kowace dala 500 ba. Ƙungiyar Funders for LGBTQ Issues, wadda ke bin sawun abin da gidauniyoyi ke bayarwa, ta sha nuna cewa cikin kowace dala 100 da gidauniyoyin Amurka suka raba, abin da ke isa ga masu sauya jinsi bai kai senti 5 ba. Jimlar takan kai dala miliyan gommai a shekara, kuma ta ƙaru sosai a shekaru goman da suka wuce, amma daga ƙasa ƙwarai ta taso.

A wajen Amurka abin ya fi haka ƙanƙanta. Wani bincike da aka buga a 2017 kan ƙungiyoyin masu sauya jinsi a faɗin duniya ya nuna fiye da rabinsu ba sa kashe dala 10,000 a shekara.

Sai dai a lura da abu biyu. Masu bin sawun waɗannan alƙaluma yawanci masu goyon bayan harkar ne, kuma nuna ƙarancin kuɗin hanya ce ta neman ƙari. Sannan alƙaluman ba sa kama komai: babu kuɗin da manyan ƙungiyoyin kare haƙƙi irin su ACLU ke kashewa daga babban asusunsu, babu na gwamnati da na inshorar lafiya, babu abin da mutane ke tura wa juna kai tsaye ta waya. Ƙaramin kuɗi kuma yana iya yin babban tasiri idan an zuba shi a wuri ɗaya. Ƙara ɗaya a kotun ƙoli tana canja doka ga miliyoyin mutane da kuɗin da ba zai gina asibiti ɗaya ba.

## Daga aljihun mutum ɗaya zuwa taron intanet

Harkar ta faro ne da mutum guda. Reed Erickson, Ba'amurke mai sauya jinsi da ya gaji kamfanin mahaifinsa, ya kafa gidauniyarsa a 1964. Ita ta ɗauki nauyin aikin likita Harry Benjamin, mai kula da masu sauya jinsi, ta kuma tallafa wa asibitin sauya jinsi na Jami'ar Johns Hopkins da aka sanar da buɗewarsa a 1966. A birnin New York kuma, a 1970, Sylvia Rivera da Marsha P. Johnson suka kafa ƙungiyar STAR, suna ba matasan da iyaye suka kora makwanci da ɗan abin da suke samowa a titi. Waɗannan hanyoyi biyu, ta mai dukiya da ke gina cibiyoyi da ta marasa shi da ke riƙe juna, har yau su ne ginshiƙan lamarin.

Ƙungiyoyin lauyoyi da na neman sauyin doka sun zo daga baya: Transgender Law Center a 2002, National Center for Transgender Equality a 2003. A shekarun da ake fafutukar auren jinsi a Amurka can mafi yawan kuɗin manyan masu bayarwa ya nufa. Da kotun ƙoli ta rufe wannan babi a 2015, sai hankalin ƙungiyoyi da na masu adawa da su ya karkata ga batun sauya jinsi. A 2016 Jennifer Pritzker, tsohuwar jami'ar soja mai sauya jinsi daga iyalin da suka kafa otal-otal na Hyatt, ta ba Jami'ar Victoria da ke Kanada dala miliyan 2 domin kujerar nazarin wannan fanni. A 2020 attajira MacKenzie Scott ta sanar da dala miliyan 46 ga ƙungiyoyin LGBT, ciki har da Transgender Law Center.

## Me ke sa mutum ya bayar?

Masu nazarin kyauta biyu ƴan ƙasar Holan, René Bekkers da Pamala Wiepking, sun tattara ɗaruruwan bincike a 2011 suka fitar da dalilai takwas da ke sa mutane bayarwa, ko mene ne abin da ake nema wa. Ciki akwai sanin cewa akwai buƙata, da roƙo, da tsadar bayarwar, da suna, da aƙida, da yarda cewa kuɗin zai yi aiki. Wanda aka fi rainawa a cikinsu shi ne roƙo. Mafi yawan kyauta tana zuwa ne bayan wani ya buɗe baki ya nema. Shi ya sa kuɗi ke taruwa a wasu ranaku da ƙungiyoyi suka ware: 31 ga Maris, ranar masu sauya jinsi ta duniya, da watan Yuni, watan bukukuwan LGBT, da 20 ga Nuwamba, ranar tunawa da waɗanda aka kashe, wadda aka fara a 1999 bayan kisan Rita Hester a Boston.

A wannan fage kuwa sanayya ce kan gaba. Cibiyar binciken ra'ayin jama'a ta Pew ta gano a 2022 cewa sama da kashi 40 cikin ɗari na manyan Amurkawa sun san wani mai sauya jinsi, alhali masu sauya jinsin da waɗanda ba sa ɗaukar kansu maza ko mata kashi 1.6 ne kacal na manya. Ke nan kowane mutum ɗaya yana da zobe na iyaye, ƴan uwa, abokan karatu da abokan aiki. Uwar da ɗanta ya zo mata da wannan magana ba daga littafi ta san batun ba, a ɗakinta ya same ta. Wasu iyayen daga nan suke zama masu bayarwa na dindindin ga ƙungiyoyin da suka riƙe su a lokacin ruɗani. Wasu kuwa, abu ɗaya ya same su amma suka fahimce shi daban, suka koma tallafa wa ƙungiyoyin da ke neman a taka wa likitoci birki. Sanayyar ce ta motsa duka biyun.

Su kansu masu sauya jinsin suna cikin masu bayarwa, duk da ƙarancin abin hannu. A tsakaninsu ana raha cewa dala 20 ɗaya ce ke zagayawa daga hannu zuwa hannu: yau ka ba wani, gobe kai ne mai nema.

Sai tausayi, wanda alƙaluma ke tayarwa. Binciken da aka fi ambata shi ne na 2015 da ya tambayi masu sauya jinsi 27,715 a Amurka. Kashi 29 cikin ɗari suka ce suna cikin talauci, fiye da ninki biyu na sauran jama'a. Rashin aikin yi a cikinsu kashi 15 ne a lokacin da na ƙasa yake kashi 5. Kashi 30 sun taɓa rasa matsuguni, kashi 40 sun taɓa yunƙurin kashe kansu. Ta intanet aka yi binciken, kuma waɗanda suka ga dama ne suka amsa, don haka masana ƙididdiga na gargaɗin kada a ɗauke shi madubin kowa da kowa. Duk da haka da wuya a ga takardar neman tallafi da ba ta ɗauko wani abu daga cikinsa ba.

Amma lamba ba ta kai fuska jan hankali. A 2007 Deborah Small da George Loewenstein da Paul Slovic suka gwada mutane da roƙo iri biyu, ɗaya labarin yarinya guda mai fama da yunwa, ɗaya alƙaluman miliyoyin masu yunwa. Labarin yarinyar ya fi kawo kuɗi, kuma da aka haɗa shi da alƙaluman sai kyautar ta ragu. A kan wannan ɗabi'a ta ɗan Adam shafukan karo-karo na intanet irin su GoFundMe suke tsaye. Illarta ita ce wanda ya iya tsara labari, yake da hoto mai kyau da abokai masu kuɗi, shi ke samu. Masu binciken da suka duba irin waɗannan roƙe-roƙe na kuɗin tiyatar sauya jinsi sun tarar mafi yawansu ba su kai abin da suka nema ba, kuma matasa farar fata ne suka fi yawa a cikin masu neman.

Akwai kuma fushi, kuma a ƴan shekarun nan da wuya a sami abin da ya fi shi saurin tara kuɗi. A ƙarshen 2018 hukumar da ke raba kuɗin cacar ƙasa ta Birtaniya ta ce za ta sake duba tallafin fam 500,000 da ta yi niyyar ba Mermaids, ƙungiyar da ke aiki da yara masu sauya jinsi da iyayensu, bayan ƙorafin da marubuci Graham Linehan ya jagoranta. A Janairun 2019 wani mai tashar YouTube, Harry Brewis, ya zauna yana buga wani tsohon wasan bidiyo kai tsaye na tsawon awa 57 yana neman gudunmawa, aka tara sama da dala 340,000. Da yawa daga masu bayarwar ba su taɓa jin sunan Mermaids ba kafin wannan mako. Daga baya hukumar ta saki tallafin nata. An ga irin wannan a wani batu dabam a Janairun 2017, lokacin da ACLU ta sami dala miliyan 24 a ƙarshen mako guda bayan umarnin Shugaba Trump na hana ƴan wasu ƙasashe shiga Amurka. Irin wannan kyauta tamkar ƙuri'a ce da ake kaɗawa da katin banki. Mai ita yana son a san inda ya tsaya, kuma sau da yawa abokin hamayya yake kallo fiye da wanda za a taimaka wa. Masu tara kuɗi a ɓangarorin biyu sun san haka sarai, shi ya sa wasiƙun roƙonsu kan fara da sunan abokin gaba.

Dalilin addini ya fi sauran wuyar sakawa a layi. A 2020, lokacin kullen korona, wasu masu sauya jinsi da ke zaman kansu a garin Torvaianica kusa da Roma suka rasa abinci, limamin cocin yankin ya kai kukansu, Kadinal Konrad Krajewski mai raba sadakar Fafaroma Francis ya aika musu da kuɗi. Fadar Vatican ɗin nan ce kuma a Afrilun 2024 ta fitar da takarda tana ƙin amincewa da sauya jinsi. A Nuwamban 2020 an buɗe wata makarantar Alƙur'ani a Dhaka, babban birnin Bangladesh, domin al'ummar da ake kira hijra, waɗanda ake ɗauka jinsi na uku a can, da kuɗin gidauniyar wani ɗan kasuwa da ya rasu. Masu irin wannan kyauta suna raba ciyar da mabuƙaci da amincewa da fahimtarsa game da jinsi. Akwai masu addini da ke ganin rabuwar ba ta yiwuwa, akwai kuma ƴan fafutuka da ke ganin sadakar da ba ta zo da amincewa ba ragaggiya ce.

Haraji da suna suna taka tasu rawar, musamman ga masu hannu da shuni. A Amurka kyauta ga ƙungiyar jin ƙai mai rajista tana rage wa mutum haraji, amma ƙungiyar ba ta da damar yi wa ɗan takara kamfen. A Birtaniya gwamnati na ƙara peni 25 a kan kowane fam 1 da mai biyan haraji ya bayar. Wannan sauƙi yana ƙara yawan abin da ake bayarwa, amma ba shi ke zaɓa wa mutum inda zai kai ba. Masanin tattalin arziki James Andreoni ya ƙara da wani dalili tun wajen 1990: daɗin da zuciya ke ji idan an bayar, ko da kuɗin bai canja komai ba.

## Kamfanoni: masu zuwa da rana, masu tafiya da hadari

Shekaru da dama manyan kamfanoni sun ɗauki nauyin bukukuwan Yuni da ƙungiyoyin LGBT domin jan matasan kwastomomi da riƙe ma'aikata. A Afrilun 2023 giyar Bud Light ta yi talla da wata mai sauya jinsi, Dylan Mulvaney, masu ra'ayin riƙau suka ƙaurace mata, har ta rasa matsayinta na giyar da aka fi saye a Amurka. Kantunan Target ma sun janye wasu kaya a shekarar saboda matsin lamba. Zuwa 2025 masu shirya bukukuwan a manyan birane irin su San Francisco sun sanar cewa tsofaffin masu ɗaukar nauyinsu sun ja baya. Lissafin riba ne ya kawo kuɗin, shi ne kuma ya mayar da shi.

## Inda ake saɓani

Masu goyon baya suna cewa rukuni ne ƙarami da ke fama da talauci da wariya fiye da kima, gwamnatoci kuma suna janye hannu, don haka kyautar jama'a ce ta rage. Suna nuni da jihohin Amurka sama da 20 da suka taƙaita kula da yara ta wannan fanni, da umarnin da Trump ya sa wa hannu ranar 20 ga Janairun 2025 cewa gwamnatin tarayya jinsi biyu kawai ta sani. Suna kuma kafa hujja da ƙungiyoyin likitocin Amurka, kamar ta likitocin yara, da ke goyon bayan wannan magani.

Masu suka ba murya ɗaya suke da ita ba. Akwai masu addini da masu ra'ayin riƙau da ke ganin jinsi halitta ce da ba ta canjawa, kuma suna da nasu manyan ƙungiyoyin lauyoyi masu rayuwa da gudunmawa, kamar Alliance Defending Freedom. Akwai ƴan rajin kare haƙƙin mata da damuwarsu ke kan shigar masu sauya jinsi kurkukun mata da gidajen fakewarsu da wasanninsu. Akwai likitoci da iyaye da ba su da ja a kan manya amma suna tsoron abin da ake yi wa yara. Su waɗannan suna riƙe da rahoton likita Hilary Cass na Afrilun 2024, wanda ya ce hujjar kimiyya a kan magungunan jinkirta balaga mai rauni ce. Hukumar lafiya ta Ingila ta daina bayar da su a matsayin magani na yau da kullum, Suwidin da Finland ma sun tsaurara. Masu goyon baya sun soki hanyar da rahoton ya bi wajen auna bincike.

Zargin cewa attajirai ne suka ƙirƙiro harkar yana da abin da ya dogara da shi: gidauniyoyi kaɗan ne ke bayar da kaso mai tsoka, kuma ɗaya daga cikinsu, Arcus, ta Jon Stryker ce, jikan wanda ya kafa wani kamfanin kayan asibiti. Amsar da ake bayarwa ita ce taruwar kuɗi a hannu kaɗan halin kusan kowane fagen kyauta ne, har da na masu adawa, kuma kasancewar mutum ya gaji kamfanin kayan asibiti ba hujja ba ce cewa riba yake nema da kyautarsa.

Ra'ayin jama'a ma bai tsaya a gefe ɗaya ba. A binciken Pew na 2022 kashi 60 na Amurkawa suka ce jinsin haihuwa ne ke tantance namiji da mace, a lokaci guda kashi 64 suka goyi bayan kare masu sauya jinsi daga wariya a wurin aiki da gidan haya. Mutum ɗaya yana iya riƙe duka biyun, kuma irinsa zai ba gidan marasa matsuguni kuɗi ya hana ƙungiyar da ke neman canja dokar wasanni.

A cikin gida ma akwai ƙorafi. Ƙananan ƙungiyoyi na cewa manyan da ke da ofis da ma'aikatan rubuta takardar neman tallafi su ke kwashe kuɗin, su kuma da ke raba abinci da makwanci a bar su da saura. Don haka aka kafa asusai irin su Trans Justice Funding Project a 2012, inda masu sauya jinsin da kansu ke zama su zaɓi wanda za a ba, bisa hujjar cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

## Abin da ke sauka a kan mutane

Ga mai karɓa, babbar matsalar ita ce kuɗin fushi ba ya daɗewa. Yana zuwa kamar ambaliya a makon da labari ke tashe, ya ɗauke idan hankali ya koma wani wuri, alhali kuɗin haya da albashi kowane wata suke zuwa. Kuma da yake kotu ce ke jan hankali, kyauta na karkata ga shari'a fiye da hidimar yau da kullum. Ambaliyar tana iya fin ƙarfin ƙaramar ƙungiya. Hukumar kula da ƙungiyoyin jin ƙai ta Ingila da Wales ta binciki Mermaids, a Oktoban 2024 ta ce an sami rashin iya gudanarwa, tsarin ƙungiyar bai yi daidai da saurin girmanta ba, ta kuma ce kada a sake ba yara rigar matse ƙirji ba da sa hannun iyaye ba. Hukumar ta ce ba ta ga shaidar cewa ƙungiyar ta ba da shawarar likita ba. Kowane ɓangare ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi.

Janyewar gwamnati tana ƙara nauyi a kan masu bayarwa. A Yulin 2025 gwamnatin Amurka ta rufe sashen da ke amsa wa matasan LGBT a layin waya na 988 mai kai ɗauki ga masu tunanin kashe kansu, inda ta ce babban layin zai kula da kowa. Ƙungiyar Trevor Project da ke cikin masu gudanar da sashen ta koma neman cike giɓin daga jama'a. Rufe USAID, hukumar agajin ƙasashen waje ta Amurka, a shekarar ya taɓa ƙananan ƙungiyoyi a ƙasashe da dama, musamman masu aikin yaƙi da cutar ƙanjamau.

Ga mai bayarwa kuwa, inda kuɗin ya bi yana da hukunci daban-daban. Abin da aka tura wa mutum kai tsaye ta shafin karo-karo kyauta ce tsakanin mutum biyu: babu rangwamen haraji, babu mai binciken yadda aka kashe. Ƙungiya mai rajista a Amurka tana cike takardar shekara da ake kira Form 990, wadda kowa zai iya dubawa ya ga albashin shugabanni da abin da aka kashe a kan ayyuka, a Ingila kuma rajistar hukumar a buɗe take a intanet. Doka ma ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Kyautar da ke rage wa mutum haraji a Kanada tana iya kai shi kurkuku a Rasha, inda aka haramta sauya jinsi a Yulin 2023, sannan a ranar 30 ga Nuwamban shekarar kotun ƙoli ta ayyana abin da ta kira ƙungiyar LGBT ta duniya a matsayin mai tsattsauran ra'ayi, kuma a dokar ƙasar ba irin wannan ƙungiya kuɗi laifi ne.